Yadda za ka shigar da 'yan mata sikawut a makarantarku

Malam, kafin ka rubuta sunan yarinya ko ɗaya, je ka ga iyayenta. Ni gida-gida nake bi, don abin da uba ke son ji shi ne wa zai kula da 'yarsa, kuma yaushe za ta dawo. Ce masa kafin magariba, kuma ka cika alkawari.

Sai ka samo malama mace da za ta riƙe su. Idan babu, ka dakata tukuna. A nan ba na sassautawa.

Raba yaran rukuni-rukuni, shida zuwa takwas, mata da nasu, shugabarsu daga cikinsu. Ko a Amurka, da sikawut ɗin maza suka buɗe wa 'yan mata ƙofa a 2019, rundunarsu daban suka yi musu. Inifom kuwa da hijabi da dogon wando ya wadatar.

Darasi dai ɗaya ne ga kowa: ɗaurin igiya, kafa tanti, karanta taswira, taimakon gaggawa. Abin da ke ɓata mini rai shi ne a je sansani a bar mata da tukunya. Girki da wanke-wanke a yi su karɓa-karɓa, har da mazan. Wurin kwana da banɗaki kuma kowa da nasa, malama na kusa da 'yan matan.