Yadda ake shirya doguwar tafiya da motar lantarki a Saudiyya

Motar lantarki ba ta ba mai ita wahala a cikin Jidda ko Riyad. A jona ta da dare, a wayi gari batir a cike, a yi zirga-zirgar yini ba tare da an tuna da caji ba. Wahalar tana farawa ne ranar da aka ɗebi iyali za a ziyara Madina, ko aka nufi Riyad daga Makka. A hanyoyin nan gari da gari suna da nisa, gudu yana da yawa, rana kuma ba ta sassauci. Mai motar fetur yana iya fita ba shiri, domin duk mahaɗɗa, wato gidan mai, da ya tsaya zai samu mai. Mai motar lantarki sai ya zauna ya yi lissafi tun a gida.

Wuraren caji suna ƙaruwa. A 2023 Asusun Zuba Jari na Gwamnati da Kamfanin Lantarki na Saudiyya suka kafa kamfanin caji mai suna EVIQ, da niyyar dasa caja masu sauri sama da 5,000 nan da 2030. Electromin, wani kamfanin caji, ita ma tana da nata wuraren. A 2023 ɗin dai Lucid, mai ƙera motocin lantarki, ta buɗe masana'antar harhaɗa motoci a Birnin Tattalin Arziki na Sarki Abdullah kusa da Rabig, Tesla kuma ta shigo kasuwa a 2025. Sai dai akasarin cajojin a cikin manyan birane suke, tsakanin biranen kuwa har yanzu da saura.

Fara da sanin abin da motarka ke ci

Lambar da dila ya faɗa maka, cewa motar tana yin kilomita 450 ko 500 a caji ɗaya, ka ajiye ta gefe. An samo ta ne daga gwaji mai cakuɗe da tuƙin cikin gari, a yanayi mai sanyi-sanyi. Idan motar daga Sin aka shigo da ita kuma ma'aunin gwajin can, wato CLTC, aka rubuta, to ya fi ma nisa da abin da za ka gani a babbar hanya. Lambar da ke kan allon mota ita ma tana iya yaudara, domin motoci da yawa suna ƙiyasta ta ne daga tuƙin da ka yi kwanan nan, wanda galibi na cikin gari ne.

Abu biyu kake buƙata: yawan kilowat-awa (ma'aunin wutar da batir ke ajiyewa) da batir ke iya bayarwa, da yawan da motar ke ci a kowane kilomita 100 a gudun babbar hanya. Na farko yana cikin littafin mota. Na biyu kai za ka auna da kanka. Hanyar Jidda zuwa Makka, mai kimanin kilomita 80, ta isa gwaji: mayar da ma'aunin tafiya sifili, kunna esi yadda ka saba, riƙe gudun da za ka yi ranar tafiyar, ka je ka dawo, sannan ka karanta abin da allon ya nuna.

A ɗauki misali da mota mai batir kilowat-awa 60, wadda gwajin ya nuna tana cin 21 a kilomita 100. Ba a isa wurin caji da batir a ƙarƙaf, don haka a ware kashi 15 cikin 100 a matsayin ajiya. Saura 51 ke nan, wato kimanin kilomita 240 a zangon farko idan an tashi a cike. Zango na biyu ya fi gajarta, saboda a kan hanya kashi 80 ake tsayawa. Daga 80 zuwa 15 kilowat-awa 39 ne, kimanin kilomita 185. Jidda zuwa Madina kusan kilomita 420 ne. A takarda 240 da 185 sun kai, amma sai idan cajar ta faɗo daidai inda kake so, abin da ba kasafai yake faruwa ba. Mai irin wannan mota ya shirya tsayawa biyu, ko ya rage gudu.

Gudu, zafi, hawa da iska

A 2018 aka ɗaga iyakar gudu zuwa kilomita 140 a awa a wasu sassan hanyoyi kamar Makka zuwa Madina da Riyad zuwa Ɗa'if. Doka ta yarda, amma batir ne ke biya. Turjiyar iska tana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kansa: daga 110 zuwa 140, ƙarfin da iska ke tokare mota da shi ya ƙaru da kusan kashi 60 cikin 100. Motar da ke cin 19 a gudun 110 tana iya kai 25 a gudun 140. A kilomita 420 wannan ƙarin kilowat-awa 25 ne, wato rabin awa ko fiye a jikin caja mai ƙarfin kilowat 50. Minti 50 ɗin da gudun ya rage maka, ka mayar da fiye da rabinsa. Babban haɗarin ma ba lokaci ba ne, rashin kaiwa caja ta gaba ne. Idan ka ga lissafi yana ƙoƙarin kuɓucewa a tsakiyar hanya, babu abin da ke ceto kamar sauka zuwa 90 ko 100 ka koma layin dama. Kashe esi ba ya kai wannan amfani.

Game da esi, mutane suna zuzuta cinta. A kan tafiya tana jan kilowat 1 zuwa 3 ne, injin tuƙi kuwa yana jan sama da 20. Inda take ci sosai shi ne lokacin sanyaya motar da ta yini a rana. Maganinsa ka kunna ta minti 15 kafin tashi, motar tana jone da wutar gida. Zafi ya fi yin ɓarna a wajen caji. Batirin da ya yi awa biyu yana gudu a zafin digiri 45 ya riga ya ɗumama, caji mai sauri kuma ƙara masa zafi yake, sai kwamfutar motar ta rage wutar da take karɓa don ta kare shi. Ita kanta cajar, idan rana ta dake ta, tana rage ƙarfi. Cajin da aka saba gamawa a minti 30 sai ya kai 50. Shi ya sa a watannin Yuni zuwa Satumba ya fi a tashi bayan sallar Asuba ko bayan La'asar sakaliya, kada tsayawar caji ta faɗo tsakanin Azahar da La'asar.

Hawa kuma lissafinsa a fili yake. Ɗa'if ta fi Makka tudu da mita 1,600 ko fiye. Ɗaga mota mai nauyin tan 2 zuwa wannan tsayi yana cin kusan kilowat-awa 9, ban da abin da tafiyar kanta ke ci. Don haka hawan Hada, wato hanyar dutsen da ke tsakanin Makka da Ɗa'if, duk da gajartarsa, yana iya zaftare batir yadda za ka tsorata. A dawowa motar tana mayar da wani kaso, domin injin yana komawa janareta a gangara. A nan akwai kuskuren da ake yawan yi: a cika batir kashi 100 a Ɗa'if sannan a kama gangara. Batirin da ya cika ba shi da inda zai zuba wuta, sai motar ta daina riƙe kanta da inji, nauyin duka ya koma kan birki a hanya mai kwana-kwana. Ka sauko da kashi 80 ko ƙasa.

Madina ma ta fi Jidda tudu da kimanin mita 600, kuma a gaɓar Bahar Maliya iska ta fi kaɗowa daga arewa. Zuwa ya fi dawowa ci. Kada ka auna ɗaya da ɗaya. Akwatin kaya a rufin mota shi ma yana ƙara ci sosai, in da hali a cusa kayan a but.

Neman caja da tabbatar da ita

Kafin komai ka duba bakin cajin motarka. Abin da ake dasawa a Saudiyya CCS2 ne ga caji mai sauri, sai Type 2 ga na hankali. Motar da aka saya a wurin dilan cikin ƙasa ba ta da matsala. Wadda aka shigo da ita kai tsaye daga Sin galibi bakin GB/T gare ta, ta Amurka kuma CCS1 ko bakin Tesla na can. Waɗannan sai da mahaɗi, kuma ba kowane mahaɗi ke magana da kowace caja ba. A gwada shi a cikin gari, a kan cajar kamfanin da za a yi amfani da shi a hanya.

A haɗa manhajoji uku. A Better Routeplanner tana tsara zango-zango idan ka ba ta irin motar, da cin da ka auna, da kason da kake son isa da shi. PlugShare tana nuna bayanan direbobin da suka tsaya a wurin, kuma ranar bayanin ƙarshe ita ce abin dubawa: cajar da babu wanda ya ce ya yi amfani da ita cikin wata biyu, kada ka rataya tafiyarka a kanta. Sai manhajar kamfanin cajar, wadda ke nuna ko tana aiki a yanzu da kuma farashi. Ka sauke ta, ka yi rajista, ka saka katin biya, ka yi caji ko na minti biyar ne tun kana gida. Jiran saƙon lambar tabbatarwa a wurin da sabis ke rawa ya tsayar da mutane da yawa.

Kowace tsayawa a ba ta madadi, kuma madadin ya kasance inda ajiyar nan ta kashi 15 za ta kai. A motar misalinmu wannan kilowat-awa 9 ne, kimanin kilomita 50 idan an tafi a hankali. Idan babu wata caja cikin wannan tazara, to a caja ta baya sai ka haƙura ka wuce kashi 80, ka kai 95 ko 100, ko da zai ɗauki lokaci. Wurin da ke da kawunan jona mota huɗu ko shida ya fi mai kai ɗaya, ko da ƙarfinsa bai kai ba.

Zuwa Madina daga Jidda hanya biyu ce: hanyar Hijira, da ta gaɓar teku wadda ke bi ta Rabig da Mastura ta ɓulla Badar. Ta biyun ta ɗan fi tsawo amma tana ratsa garuruwa. Ka buɗe duka biyun a manhaja ka zaɓi wadda cajojinta suka fi kusa da juna a makon tafiyar. Jidda zuwa Riyad kuwa kusan kilomita 950 ne, kuma bayan Ɗa'if akwai dogon fili ta Muwaih da Zalim har Kuwai'iyya. Mai ƙaramin batir kada ya kama wannan hanya sai ya tabbatar da kowane zango ɗaya bayan ɗaya.

A jikin caja

Saka wurin cajin a taswirar motar kanta, ba a waya kaɗai ba. Motoci da yawa suna daidaita zafin batir idan sun san caja aka nufa. Batir ya fi karɓar wuta idan ya yi ƙasa, daga kashi 10 zuwa 50 ko 60, sannan ya riƙa raguwa, bayan 80 kuma ya koma tafiyar hawainiya. Lambar da ke jikin caja iyaka ce kawai: motar da ba ta karɓar sama da kilowat 90 ba za ta wuce haka ba ko a caja mai 300. Wasu cajoji masu kai biyu raba ƙarfi suke yi idan mota biyu suka jona.

Idan caji ya ƙi tashi, zare, kulle motar ka buɗe, jira minti ɗaya, ka sake turawa har ka ji ya kama. Wayar caji mai sauri tana da nauyi, wani lokaci sai an tallafe ta da hannu har makullin ya shiga. In ya ƙi sau biyu a koma ɗaya kan, in ya ƙi a kira lambar da ke jikin na'urar, suna iya sake kunna ta daga nesa. Kada ka tafi masallaci ko cin abinci sai ka ga lambar kilowat tana hawa. Minti 30 zuwa 40 na caji daidai yake da alwala da salla da shayi, don haka a haɗa su. Da ka kai abin da kake buƙata ka janye motar, wani na jira.

A masauki, caja ta hankali mai kilowat 7 ko 11 ta isa ta cika batir cikin dare. Ka kira otal ɗin ka tambaya ko tana aiki, kuma ka zo da wayarka ta Type 2, don wasu soket kawai suke da shi. Soket ɗin gida na yau da kullum kilowat 2 da ɗan wani abu yake bayarwa, awa 10 su ba ka kimanin kilomita 100. Kada a jona ta doguwar wayar ƙari irin ta fanka, tana zafi ta narke. A taɓa filogin bayan rabin awa, in ya yi zafin da hannu ba ya jurewa a cire.

Daren tashi

A cika batir kashi 100, a saita shi ya gama dab da lokacin tafiya, domin batir irin NMC, wato mai sinadaran nikel da manganis da kobalt, ba ya son daɗewa a cike cikin zafi. A auna iskar taya da safe tayoyin suna sanyi, bisa lambar da ke jikin ƙofar direba. Motocin lantarki da yawa ba su da safaya, sai ɗan famfo da ruwan liƙi, ka duba suna nan. Ƙaramin batirin nan mai bolt 12 shi ke tayar da kwamfutar motar, idan ya mutu motar ba ta motsi ko babban batir na cike, kuma zafin ƙasar nan yana rage masa kwana. Ruwan sha ya zama mai yawa. Lokacin aikin Hajji kuma shiga Makka sai da izini, kada a tsara caji a cikinta.

Idan duk da haka wuta ta ƙare, motar za ta yi gargaɗi ta rage ƙarfi kafin ta tsaya. Yi amfani da wannan dama ka sauka gefen hanya sosai, ka kunna fitilun haɗari, ka kira 911 ko jami'an tsaron hanya a 996. Kada a ja ta da igiya, kada kuma janwe ya ɗaga gaba ya bar tayoyin da inji ke juyawa a ƙasa, domin juyawarsu tana haifar da wuta ta lalata kayan lantarkin. Ka nemi motar ɗauka mai shimfiɗaɗɗen baya, wadda ake kira saɗaha a nan, ka ce a sauke ka a bakin caja mai sauri mafi kusa.