Yadda ƙaramar hukuma da 'yan sanda za su sanar da jama'a idan rusau ya taso

Yawancin rikicin rusau a sabbin unguwannin bayan gari daga rashin bayani yake farawa. Magidanci ya wayi gari ya ga jan fenti a katangarsa, bai san wa ya shafa ba, bai san ranar da katafila za ta zo ba. Kafin azahar jita-jita ta cika unguwa.

Da farko a tantance mai aikin. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, na karkara kuma a hannun ƙaramar hukuma, unguwannin gefen gari kuwa nan ne iyakar take rikicewa. Shugaban ƙaramar hukuma ya faɗi ƙarara ko aikin nasa ne ko na jiha. Ya kuma bayyana maganar diyya tun wuri: sashe na 29 na dokar ya tanadi biyan gini da shuka ne, ba darajar filin ba. Ɓoye wannan shi ne ke sa mutane su ji an yaudare su.

Aƙalla mako uku kafin aiki, a zauna da hakimi, dagaci, masu unguwanni, limaman Juma'a da DPO. A kai takarda gida gida da Hausa, ɗauke da rana, lambar gida da ofishin kai ƙorafi, a maimaita a rediyo. Ranar aiki a killace wurin har a kwashe ɓaraguzai. A rusau ɗin Kano na Yunin 2023 an ga yadda matasa suka yi ta wawushe rodi da ƙofofi.

Idan hayaniya ta ɓarke, baki ɗaya ne zai yi magana, wato kakakin rundunar 'yan sanda. Ya fito cikin awa guda ya faɗi titin da aka rufe da wanda za a bi. Kada ya ambaci adadin waɗanda suka mutu ko suka jikkata sai asibiti ya tabbatar, domin in ya canza adadi gobe, ba wanda zai ƙara yarda da shi. In an sa dokar hana fita, a faɗi ƙarfe nawa take farawa da waɗanda aka ɗauke wa, kamar ma'aikatan lafiya.

Waɗanda aka kama, a sanar da iyayensu ofishin da suke. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce a kai su kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40.