Yadda Ake Horar da Likitan DO a Amurka

Ɗalibin Garwa, Marwa ko Njamena da ya ji an ce ostiyofat, yawanci na Faransa yake tunawa, mai gyaran jiki da hannu wanda ba ya rubuta magani. Na Amurka cikakken likita ne mai digirin DO, wato digirin likitancin ostiyofati, yana rubuta magani, yana tiyata. Andrew Taylor Still ne ya buɗe makarantar farko a Kirksville, jihar Mizuri, a 1892.

Bakaloriya kaɗai ba ta kai ka. Sai ka yi digirin farko mai bayoloji, kimistiri da fizis, ka zauna jarrabawar shiga makarantar likitanci ta MCAT, wadda makinta ke tsakanin 472 da 528, sannan ka nemi gurbi ta AACOMAS, kafar neman shiga makarantun DO. A nan namu suka fi tuntuɓe: ba kowace makaranta ke ɗaukar baƙo ba, da yawa suna son a yi waɗannan darussan a Amurka ko Kanada, kuma baƙo ba ya samun bashin karatu na gwamnatin tarayya. Ka tambayi makarantar kafin ka kashe ko dala.

Karatun shekara 4 ne. Biyun farko a aji da ɗakin feɗe gawa, biyun ƙarshe zagayen asibiti: yara, haihuwa, tiyata, ƙwaƙwalwa. Jarrabawar lasisi ita ce COMLEX-USA, mataki 3, sai horon ƙwarewa na shekara 3 zuwa 7.

Abin da ya bambanta ɗaliban DO da sauran ɗaliban likitanci shi ne kimanin awa 200 na aikin hannu. Ɗalibai bibbiyu suke yi, ɗaya kwance a tebur, ɗaya na lalube. Abu huɗu yake nema: inda ke ciwo in an taɓa, inda dama da hagu suka saɓa, gaɓar da ta ƙi motsi, da naman da ya sanƙare. Sabon shiga yakan danna da ƙarfi, tsoka ta ɗaure, yatsunsa su daina jin komai. Da sassauci ake farawa, fata tukuna, sannan tsoka, sannan ƙashi.

Darasin da muka fi damuwa da shi shi ne sanin inda hannu ba ya zuwa. Ciwon baya mai tafe da zazzaɓi, rama da gumin dare yana iya zama tarin fuka na ƙashin baya, kuma ba baƙon abu ba ne a yankinmu. Murɗa irin wannan bayan, ko ƙashin tsohuwa da ya yi rauni, na iya jawo karaya ko shanyewar ƙafafu. Hoto da gwaji ake fara yi.

In kana da niyyar dawowa gida aiki, ka tuntuɓi hukumar rajistar likitoci ta ƙasarka game da matsayin takardar DO tun kafin ka nemi biza.