Yadda zaka je ci-rani Kano bana ka dawo da abu a hannu

An gama sussuka, na san samarin ƙauyenmu nan gefen Ringim kowa ya fara haɗa kaya zai shiga birni. To ƙannena ku saurara, Kanon da iyayenmu suka sani ba ita bace yanzu. Babana a masaƙa yayi aiki a Sharaɗa, duk wata albashi, da shi ya sayi shanun huɗarmu. Yau mafi yawan masaƙun Sharaɗa da Challawa da Bompai a rufe suke, tun shirin SAP na 1986, wato shirin gwamnati na gyaran tattalin arziki, naira ta fara karyewa, wuta ta ƙi zama, atamfar Chana kuma ta cika Kantin Kwari da arha. Mai shigo da kwantena ya ƙara gina bene, leburan masaƙa ya koma tura kurar ruwa, wallahi abin yana ci min rai.

Kafin komai, kar ka sayar da hatsin gida don kuɗin mota, kuma ka tafi da abincinka. Tunda aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, dala da take wajen 460 a banki ta wuce 1,500 a farkon 2024, kuma kusan komai na birni da dala yake tafiya, burodi ma alkamarsa daga waje ake kawowa shiyasa yaƙin Rasha da Yukiren ya taɓa mai shayin bakin tasha. Kaga kenan da naira za'a biyaka amma cikinka da farashin dala zai ci. Ka ɗauki garin tuwo, kuka, daddawa, ƙuli-ƙuli, ku haɗu ku huɗu ko biyar kuna ɗora tukunya ɗaya.

Sai zaɓen sana'a, anan da yawa suke faɗuwa. Duk aikin da yake shan fetur ka yi lissafi sau biyu. Acaɓa dai an hana shi a cikin birni tun 2013, adaidaita sahu kuma sai ka cire balas ɗin mai ita ka cire mai ka cire tikiti sannan kaga naka, wata rana yini guda kana yiwa wani aiki ne kawai. In kana da ƙarfi gara dako a kasuwar hatsi ta Dawanau ko kasuwar Singa, in kuma kana da haƙuri ka liƙe wa mai haɗa sola ko mai gyaran waya a kasuwar waya ta Farm Centre ko da abinci kaɗai zai baka, tsadar mai tasa kowa na neman sola har a ƙauyukanmu wajen masu noman rani.

In Allah ya kaika Dawanau ka buɗe kunne sosai. Riɗin da muke nomawa Japan da Chana da Turkiyya yake tafiya, zoɓonmu Meksiko, da dala ake biyan mai fitarwa, duk sanda naira ta faɗi shi ribarsa ƙaruwa take mu kuma mun riga mun sayar da kaka da araha saboda biki ko bashi. Kullum ka ji nawa buhu ya kwana ka bugo gida ka faɗawa Baba kafin ya kai kasuwar Gujungu ranar Lahadi, kar dillali ya yanka masa yadda yaga dama. Amma banda haɗama, a 2024 gwamnati ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na ɗan lokaci, 2025 masara ta karye, waɗanda suka kimshe buhuna suna jiran tsada sun ji jiki. A riƙa fitarwa kaɗan-kaɗan.

Kuɗi kuwa kar ya kwana mako a aljihunka, naira narkewa take. Duk Juma'a ka tura ta POS a saya maka 'yar tunkiya ko a ajiye taki tun rani kafin ya tashi. Bashin waya da cacar ƙwallo dan Allah ka nesance su. Kuma tun ranar tafiya ka yanke ranar dawowa, ka iso gida da lokacin sharar gona kafin ruwan shuka ya sauka.