Mod ɗin da ke fito da abin da Don't Starve Together ke ɓoye maka

Kamfanin Klei na ƙasar Kanada ya saki Don't Starve Together, wasan neman tsira a daji da ake yi tare da abokai, a 2016, kuma da gangan ya yi wa allon rowar bayani. Da'ira uku ce a sama ta hannun dama, ta yunwa, ta lafiya da ta hankali, sai agogon yini. Lamba ba ta fitowa sai ka ɗora linzami a kansu. Zafin jikinka kuwa babu inda aka rubuta shi, alhali sanyi na cikin abin da ya fi kashe sabon ɗan wasa a hunturunsa na farko. Duk waɗannan lissafe-lissafe wasan yana yin su a ɓoye, aikin mod, wato ƙarin da 'yan wasa ke ƙerawa a ɗora wa wasan, shi ne ya fito maka da su fili.

Sai kana wasa a kwamfuta ta Steam, manhajar sayen wasanni, wannan zai yi maka aiki. Masu PlayStation, Xbox da Switch ba su da wannan ƙofar. Shiga Steam Workshop na wasan, inda ake ajiye mod, rubuta sunan mod ɗin, danna Subscribe. Buɗe wasan, shiga Mods, za ka tarar da kaso biyu. Client Mods naka ne kai kaɗai, suna bin ka duk duniyar da ka shiga: kunna shi, danna Apply, shi ke nan. Server Mods kuwa mai masaukin baƙi, wato wanda ya buɗe duniyar, shi ke kunna su daga Host Game, duk wanda ya shigo sai su sauka masa da kansu.

Idan guda ɗaya tak za ka sa, sa Combined Status. Yana rubuta lamba a ƙarƙashin kowace da'ira, ya ƙara maka zafin jikinka, da na waje, da yanayin wata, da sauran kwanakin da suka rage lokaci ya juya. Zafin jiki shi ne wurin kallo. Idan ya sauka ƙasa da 0 lafiyarka ta fara zuba, idan ya haura 70 haka nan. Ba tare da mod ba, gargaɗinka kawai ƙanƙarar da ke mamaye gefen allo, kuma sau da yawa lokacin ka yi nisa da wuta. Da lambar a gabanka kana ganin ta tana gangarowa, 20, 15, 12, sai ka tsaya ka hura wuta ka ɗumama dutsen zafinka, wanda ke riƙe maka ɗumi, tun da sauran hali. A saitin mod ɗin ka bar ma'aunin zafi na wasan yadda yake, domin in ka sauya shi lambobin nan ba za su yi daidai da abin da kake gani ba.

Lissafin kwanaki ma ba ƙaramin abu ba ne. A tsarin da aka saba, kaka kwana 20 ce, hunturu ya kama a rana ta 21 ya yi kwana 15. Ni da na ga saura kwana biyar nake barin yawon buɗe taswira in koma tara itace, ciyawa da nama. Watan kuma ka riƙa dubawa: daren da ya cika aladu suna rikiɗewa su zama mugaye, kada ya same ka a tsakiyar ƙauyensu.

Na biyu shi ne Show Me ko Insight, dukansu na mai masauki ne. Ka zaɓi ɗaya, don in ka haɗa su rubutu zai hau kan rubutu. Ɗora linzami a kan abinci ka ga abin da zai ƙara maka da kwanakin da suka rage ya lalace. A nan za ka gane cewa Wilson, ɗaya daga cikin jaruman wasan, mai cikin 150, yana ƙone 75 kowace rana, kuma kwanon Meatballs ɗaya yana mayar masa da 62.5. Za ka ga koren naman kaza ɗanye yana cire hankali 50, gasasshe kuma yana ƙara 15. Har abin da ke cikin akwati yana nunawa ba sai ka buɗe ba. Insight ya fi zurfi, yana ma ƙirga maka lokacin da karnukan farauta za su kawo hari. Wannan ɓangaren ni kashe shi nake yi. Gurnaninsu daga nesa, da faɗuwar gaban da ke biyo baya, suna cikin abin da nake ƙauna a wasan, ba na son agogo ya ƙwace min shi.

Minimap HUD yana ajiye ƙaramar taswira a kusurwa. Ka rage girmanta kada ta rufe da'irorin. Geometric Placement yana shimfiɗa layuka a ƙasa don shuka da gini su jeru. In da abokai kuke, Global Positions yana nuna inda kowa yake a taswira.

Wani lokaci bayan an sabunta wasan tsohon mod yakan hana shi tashi. Kashe su duka, ka kunna ɗaya bayan ɗaya har ka kama mai laifin, sannan ka duba shafinsa a Workshop ko an fitar da gyara.