Yadda Ake Kallon Tsofaffin Finafinan Binciken Kisa na Baƙi da Fari

Wanda ya saba da finafinan yau, inda ake nuna masa jini da gawa da makami ƙuru-ƙuru, yakan gaji da tsohon fim na baƙi da fari tun kafin a cika minti 15, ya ce surutu ya yi yawa kuma babu abin da ke faruwa. Ni ma haka na faɗa a karon farko, domin a waya na kalli fim ɗin da rana tsaka, ina yi ina amsa saƙonni. Sai daga baya na fahimci cewa finafinan binciken kisa da aka yi a Amurka da Ingila da Jamus tsakanin 1930 da 1960 an shirya su ne domin mutumin da zai zauna ya kalla kamar wanda za a kira gaban alƙali gobe ya ba da shaidar abin da idonsa ya gani. Daɗinsu yana cikin aikin da suke ɗora wa mai kallo, kuma aikin yana da hanyar da ake bi a koye shi.

A fara da ɗaki da talabijin. A kalla da dare, a kashe fitila, a ajiye waya nesa da hannu. Yawancin waɗannan finafinai an ɗauke su ne da hoto mai kusan murabba'i, wanda faɗinsa bai wuce tsayinsa da yawa ba, domin faffaɗan hoto bai yaɗu a sinima ba sai daga 1953. Saboda haka, ga finafinan da aka yi kafin lokacin, a saita talabijin a kan 4:3, a bar baƙaƙen gefuna biyu a dama da hagu yadda suke, domin idan aka ja hoton ya cika allo fuskokin mutane za su yi faɗi, wani lokaci kuma a yanke sama da ƙasa, inda sau da yawa aka ajiye abin da ya kamata a gani. A rage hasken allo har baƙi ya zama baƙi ƙirin maimakon ruwan toka. Idan aka ci karo da kwafin da aka shafa wa launi da kwamfuta, a bar shi. A 1986 an yi wa The Maltese Falcon na 1941 irin wannan shafe, kuma daraktansa John Huston, wanda yake raye a lokacin, ya fito fili ya yi tir da abin. Yana da gaskiya, domin an zaɓi tufafi da bango da fitilu ne bisa yadda za su fito a baƙi da fari.

Sai zaɓen fim na farko, kuma a nan ne mutane da yawa suke yin tuntuɓe, su fara da mai wuya su ce duka haka suke. Shawarata ita ce a fara da wanda tambayarsa ɗaya ce tak, wato wa ya yi kisan. And Then There Were None na 1945, wanda René Clair ya shirya daga littafin Agatha Christie na 1939, ya dace ƙwarai: mutum 10 a wani gida a tsibiri, babu hanyar fita, ana mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma mai kisan yana cikinsu. Wanda ya fi son gajere ya nemi finafinan Sherlock Holmes guda 14 da Basil Rathbone da Nigel Bruce suka yi tsakanin 1939 da 1946, waɗanda yawancinsu ba su wuce awa ɗaya da 'yan mintoci ba. Bayan ido ya saba, sai a matsa zuwa Laura na 1944, sannan Double Indemnity na wannan shekarar, a ajiye The Third Man na 1949 sai an ƙware.

Babban abin da za a koya shi ne karanta haske. Kada a ɗauka cewa rashin launi gazawar zamanin ce kawai. Fim mai launi ya riga ya samu tun shekarun 1930, sai dai yana da tsada kuma yana bukatar fitilu masu ƙarfi, don haka akan ware shi ga manyan finafinan tarihi da na waƙa. Masu finafinan kisa sun riƙe baƙi da fari suka mai da shi harshe. Da yawa daga cikinsu, irin su Fritz Lang da Billy Wilder da Otto Preminger, daga Jamus da Ostiriya suka ƙaura zuwa Amurka a shekarun 1930, suka zo da al'adar wasa da inuwa da aka san sinimar Jamus da ita. Mai ɗaukar hoto yakan kafa fitila ɗaya mai ƙarfi a gefe, ya rage wadda ke cike duhu, sai rabin fuskar mutum ya haskaka rabi ya nutse. Duk lokacin da ka ga haka, tambayi kanka abin da mutumin yake ɓoyewa. Idan fitila ta hasko fuska daga ƙasa, darakta yana so ka ji tsoron mai fuskar. Idan mace ta fito fuskarta fes babu inuwa ko kaɗan, ana so ka amince da ita, kuma a irin waɗannan finafinai wannan kansa dalili ne na yin hattara.

A Double Indemnity, mai ɗaukar hoto John Seitz ya sa hasken rana ya ratso ta labulen taga mai jerin sanduna, sai inuwar ta faɗo a kan jikin wani dillalin inshora layi-layi kamar ƙarafunan kurkuku, tun ranar da ya fara shiga gidan matar da za ta ja shi zuwa kisa. Bai riga ya aikata komai ba, amma hoton ya riga ya yanke masa hukunci. A The Third Man kuwa, wanda Carol Reed ya ɗauka a birnin Biyana na Ostiriya lokacin da Amurka da Birtaniya da Faransa da Tarayyar Sobiyet suka raba ikonsa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, an riƙa jiƙa titunan duwatsu da ruwa da dare domin su mayar da hasken fitilu, an kuma karkatar da kyamara har gine-gine suka zama kamar za su zube. Akwai wuri guda a fim ɗin da nake so a kalla sau biyu a jere. Wani mutum yana tsaye a bakin ƙofa cikin duhu, ba a ganin komai sai takalmansa da wata kyanwa tana wasa da igiyarsu. Wani yana yi masa tsawa daga tsallaken titi, hayaniyar ta tashi wata mata a bene, ta kunna fitilar ɗakinta, sai hasken tagar ya faɗo a kan fuskar mutumin na 'yan daƙiƙu, ya yi murmushi, fitilar ta mutu. Duk labarin ya juya a cikin wannan ɗan haske, ba tare da mutumin ya furta kalma ɗaya ba. Robert Krasker ya karɓi kyautar Oscar saboda hoton wannan fim.

Bayan haske sai a koyi lura da abin da aka ƙi nunawa. Daga watan Yuli na 1934 masana'antar finafinan Amurka ta fara tsaurara wata dokar tace finafinai da ta kafa wa kanta, ƙarƙashin ofishin Joseph Breen, wadda ta hana nuna yadda ake aikata kisa dalla-dalla, ta kuma wajabta cewa mai laifi ba zai ci bulus ba. Wannan takura ta tilasta wa daraktoci dabara. A Double Indemnity, lokacin da ake kashe mijin a cikin mota, kyamara ba ta juya wajensa ba sam, ta tsaya ne cak a kan fuskar matarsa, wadda Barbara Stanwyck ta fito a matsayinta, tana riƙe da sitiyari tana kallon gabanta, kuma abin da ke motsi a gefen bakinta ya fi duk jinin da za a iya zubarwa tayar da hankali. Tun kafin wannan doka ma, Fritz Lang ya nuna hanyar a fim ɗinsa M na 1931 a Jamus. Uwa tana jiran 'yarta ta dawo daga makaranta, tana leƙa matakalar bene tana kiran sunanta. Sai a nuna matakalar babu kowa, a nuna farantin yarinyar a kan tebur da kujerarta wayam, a nuna ƙwallonta yana gangarowa daga cikin ciyawa ya tsaya, a nuna balan-balan ɗinta ya maƙale a wayoyin sama. Ba a nuna komai ba, kuma babu mai kallon da bai san abin da ya faru ba. Idan kyamara ta kauce daga wurin da kake tsammanin za ta tsaya, bi ta da ido, domin inda ta koma nan ne maganar take.

Kunne ma yana da nasa aikin. A M ɗin nan, mai kisan yana da wani fito da yake yi da baki duk lokacin da abin ya motsa masa, kuma wani makaho mai sayar da balan-balan ne ya gane shi ta wannan fito, bayan 'yan sandan birni duka sun gaza. Game da zance kuwa, 'yan wasan wancan zamani suna magana da sauri, da Turancin da wasu kalmominsa suka tsufa, don haka babu laifi a kunna rubutun da ke fitowa a ƙasan allo. A ajiye takarda da biro kusa, a rubuta sunan kowane mutum da dangantakarsa da mamacin da kuma inda ya ce yake a daren da abin ya faru, domin rabin hujjojin suna cikin saɓanin da ke tsakanin abin da mutum ya faɗa da farko da abin da ya faɗa daga baya.

A kula da kayan ɗaki. Fim na lokacin ba ya ɓata daƙiƙa a kan abin banza, don haka idan kyamara ta daɗe a kan agogo ko wasiƙa ko makulli, za a dawo kansa. A Laura, wanda Otto Preminger ya shirya, tun a mintocin farko an jawo hankalin mai kallo zuwa wani dogon agogo mai tsayuwa a ƙasa, aka kuma ce akwai irinsa guda ɗaya a wani gida. Ba zan faɗi dalili ba, a dai riƙe shi a zuci. Wani lokaci kuma abin ba hujjar kisa ba ne, ma'aunin zumunci ne: a Double Indemnity mai binciken inshora, wanda Edward G. Robinson ya fito a matsayinsa, kullum ba ya da ashana, abokinsa ne ke ƙyasta masa, kuma wanda ya ƙirga wannan tun daga farko shi zai ji nauyin ƙyastawar ƙarshe.

Idan ya rage kamar minti 15 a gama, a tsayar da fim. Kowa a ɗakin ya faɗi wanda yake zargi da hujjarsa, a rubuta, sannan a ci gaba. Wannan yana aiki sosai a finafinan da ake tara waɗanda ake zargi wuri ɗaya a ƙarshe, kamar The Thin Man na 1934, inda mai binciken ya gayyace su duka cin abincin dare ya warware maganar a kan tebur. Amma ba kowane fim ake yi wa haka ba. Akwai waɗanda tun farko an gaya maka mai laifin, abin jira shi ne yadda igiya za ta shaƙe shi. Akwai kuma The Big Sleep na 1946, wanda labarinsa ya cukurkuɗe har masu shirya shi suka aika wa marubucin littafin, Raymond Chandler, tambayar wanda ya kashe wani direba a cikin labarin, shi ma ya amsa cewa bai sani ba. Irin wannan ana kallonsa ne saboda zancen da ke tsakanin 'yan wasansa Humphrey Bogart da Lauren Bacall da kuma duhun birnin, kuma wanda ya nace sai ya daidaita lissafinsa zai wahalar da kansa a banza.

Ba zan ɓoye aibinsu ba. Taba da giya sun cika su, baƙar fata ba ya fitowa a yawancinsu sai a matsayin bara ko direba, kuma jami'in binciken nan ɗan asalin Sin, Charlie Chan, Bature ne ɗan Suwidin mai suna Warner Oland ya daɗe yana fitowa a matsayinsa. Mai kallo da iyali ya san da wannan tun kafin ya kunna. Masu son finafinan Indiya kuma suna da ƙofar shiga ta kusa, domin C.I.D. na 1956, wanda Raj Khosla ya shirya, Dev Anand ya fito a matsayin sufeton da ke binciken kisan wani editan jarida, ya ɗauki wannan salo na inuwa da titunan dare ya haɗa da waƙoƙi.

Fim ɗin da ya yi maka daɗi, ka sake kallonsa bayan mako guda. A karo na biyu ka daina bin mai bincike, ka zuba wa mai laifin ido tun daga fitowarsa ta farko: inda yake tsayawa a ɗaki, wanda yake kallo idan ana yi wa wani tambaya, da lokacin da ya yi shiru. Witness for the Prosecution na 1957, wanda Billy Wilder ya shirya, Charles Laughton ya fito a matsayin tsohon lauya mai ciwon zuciya, Marlene Dietrich kuma matar wanda ake tuhuma, shi ne ya fi kowanne biyan wannan wahala, domin kusan kowace jimla da aka faɗa a kotun tana sauya ma'ana idan an san ƙarshen. Lokacin da sunayen 'yan wasa suke fitowa a ƙarshensa, wata murya tana roƙon masu kallo kada su faɗa wa kowa yadda ya ƙare, saboda abokansu da ba su gani ba tukuna. Idan za ka ba wani shi ya kalla, ka gaya masa ya kashe fitila, sauran kuma ka bar shi ya gano da kansa.