Babi na Shida: Ziyarar Birnin Bakin Teku

Wannan babi an shirya shi ne domin wanda tafiya ta kai shi birnin da ke bakin teku, yana son ya ga gari, ya ci abinci mai kyau, ya sayi tsaraba, ya koma gida ba tare da an ƙware shi ba. Kowa ya ɗauko littafin rubutunsa da fensir, domin ba sauraro kawai za mu yi ba. Na daɗe ina koyar da wannan babi, kuma na lura cewa ba haruffa ne ke kayar da ɗalibai ba, lamba ce, musamman ɗan ƙaramin rubutun da ake sa wa a gefenta. Saboda haka za ku ji ina nanata magana ɗaya sau da yawa, ku yi haƙuri da ni.

Darasi na 1: Wuraren kallo da allon lokaci

Yawancin tsofaffin biranen bakin teku daga tashar jiragen ruwa suka faro, don haka mai son ganin tarihi sai ya fara da tambayar inda tsohuwar tasha take. A kusa da ita ake samun tsohuwar unguwa da kasuwar kifi da ginin tsaro da aka yi domin kare gari daga jiragen yaƙi. A Mombasa ta ƙasar Kenya akwai irin wannan gini da mutanen Fotugal suka fara ginawa a shekarar 1593. A Iskandariya ta ƙasar Masar akwai wanda Sarki Ƙaitbai ya fara ginawa a 1477, a daidai wurin da tsohuwar hasumiyar da ke haska wa jirage hanya ta taɓa tsayawa. A Dakar ta ƙasar Senegal kuwa, jirgin fito ake shiga a tsallaka zuwa tsibirin Gore, wanda ake ziyarta domin tunawa da cinikin bayi.

A ƙofar irin waɗannan wurare za ku ga allo mai rubutu kamar haka:

09:00 – 17:00

Ku ɗora yatsa a kan lambar hagu. Wannan shi ne lokacin buɗewa, ƙarfe tara na safe. Ɗan layin da ke tsakiya yana nufin "zuwa". Lambar dama ita ce lokacin rufewa. Idan lambar da ke kafin ɗigo biyun nan ta wuce 12, sai a cire 12 daga cikinta, abin da ya rage shi ne lokacin bayan tsakar rana. A cire 12 daga 17, saura 5, ke nan ƙarfe biyar na yamma ake rufewa.

Na tuna wani dattijo a ajinmu da ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai ƙarfe bakwai ke nan." Ya ga 7 ɗin, idonsa ya tsallake 1 da ke gabanta. Na ce, "Baba, a taimaka a rufe 7 ɗin da yatsa, a gaya mini abin da ya rage." Da ya ga 1 ɗin sai ya gyara da kansa, kuma tun daga ranar bai sake kuskurewa ba. Ba abin kunya ba ne, kowa da haka ya fara. Amma wanda ya ɗauki 17:00 a matsayin ƙarfe bakwai, in jirgin ƙarshe ne na dawowa daga tsibiri, to a can zai kwana. Kafin ku shiga jirgin fito, ku nemi lokacin jirgin ƙarshe, ku rubuta shi a bayan tikitinku. Ku kuma duba sunan ranar da ke ƙarƙashin allon, domin gidajen tarihi da yawa suna hutun rana ɗaya a mako, galibi Litinin.

Aiki: ku rubuta waɗannan da kalmomi: 08:30, 13:00, 18:15.

Darasi na 2: Tutocin bakin ruwa

Teku ba kamar kogi ko tafki yake ba. A mafi yawan gaɓa yana cikowa ya janye sau biyu a yini, saboda jan da wata da rana ke yi masa, kuma tsakanin cikowa da cikowa akwai kimanin awa 12 da minti 25. Ke nan lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50 kowace rana, kuma yashin da kuka taka da safe yana iya zama ƙarƙashin ruwa da azahar. Kada ku zauna a gindin dutse inda hanyar fita ɗaya ce.

A inda ake da masu ceto, tuta ce ke magana. Jar tuta tana nufin haɗari, kada a shiga ruwa. Tuta mai rabi ja rabi rawaya, idan aka kafa biyu, tsakaninsu ne masu ceto ke sa ido, nan ne kaɗai wurin wanka. Wanda ruwa ya fara ja zuwa ciki, kada ya yi kokawa da shi ta hanyar nufar gaɓa kai tsaye, domin gajiya ce ke halaka mutane. Ya ɗaga hannu ya nemi taimako, in ya iya iyo ya bi ta gefe har ya fita daga inda ruwan ke ja. Wanda bai iya iyo ba, kallo daga kan yashi ya wadatar da shi.

Darasi na 3: Takardar abinci

Wannan shi ne darasin da nake so kowa ya natsu a kansa. Mai ziyarar bakin teku bai kamata ya dawo bai ci sabon kifi ba, kuma wurin da ya fi dacewa shi ne gidan abincin da ake nuna wa mutum kifin ɗanye kafin a gasa. Sabon kifi idonsa garau yake, ba ya lotsawa ciki, namansa yana dawowa idan an danna da yatsa, kuma ba ya wari. Wanda jatan lande ko ƙaguwa ke sa wa ƙaiƙayi ko kumburi, ya faɗa tun kafin a dafa. Yanzu ga layi ɗaya daga takardar abinci. Ban sa sunan kuɗi ba, domin kowace ƙasa da nata.

Gasasshen kifi 8 / 100g

Me kuka gani? Mafi yawanku za ku ce kifi takwas ne. A'a. Ku ɗora yatsa a kan 8, sannan ku ja yatsan a hankali zuwa dama. Akwai karkataccen layi, ma'anarsa "a kan kowane". Bayansa akwai 100, sannan harafin g, wanda ke nufin giram. Abin da aka rubuta shi ne: takwas a kan kowane giram ɗari. Ba kuɗin kifin gaba ɗaya ba ne, kuɗin ɗan yanki ne daga cikinsa.

To, an ɗora kifinku a sikeli, ya nuna 600g. Ɗari nawa ne a cikin 600? Shida. Sai ku lissafa 8 sau 6, ya ba ku 48. Wanda ya zauna da tunanin zai biya 8, za a kawo masa takardar 48, kuma mai gidan abincin bai cuce shi ba, domin ya rubuta, shi ne bai karanta ba.

Mu sake. Ku karanta lambar, ku karanta abin da ke gefenta, sannan ku yi lissafi. Ga wani layin:

Jatan lande 30 / kg

Yatsa a kan 30, a ja zuwa dama. Haruffan nan biyu, k da g, suna nufin kilo, kuma kilo ɗaya giram 1000 ne. A nan talatin kuɗin kilo guda ne, don haka wanda ya karɓi rabin kilo zai biya 15. Kun ga bambancin g da kg harafi ɗaya ne tak, amma a aljihu ba ƙarami ba ne. Ku rubuta su gefe da gefe sau goma, kuna faɗin sunansu da ƙarfi. Madalla da wanda hannunsa ke rawa amma bai ajiye fensir ba.

Mu ƙara sakewa, domin na san inda ake faɗuwa. Kifi 12 / 100g, sikeli ya nuna 500g. Kada kowa ya yi saurin amsawa. Yatsa tukuna. Ɗari biyar ne, 12 sau 5, amsa 60.

Dole in faɗi gaskiya a nan. Duk lokacin da na ba da wannan aiki, sai na tarar fiye da rabin aji sun rubuta lambar farko kawai sun rufe littafi, alhali mun yi shi tare a allo har sau uku. Wannan ba rashin fahimta ba ne, gaggawa ce, kuma ba ta dace da manya masu riƙe da gidaje ba. Wasu kuma suna jin nauyin ɗora yatsa a gaban mutane, wai kada a ce ba su iya karatu ba. Wane ne zai biya muku kuɗin idan takarda ta zo? Ku ɗora yatsan. Idan babu komai a gefen lambar, ku tambayi mai kawo abinci ko kuɗin faranti ne ko na nauyi, ku sa a auna a gabanku, a faɗa muku jimla kafin kifin ya hau wuta. Wani wurin kuma ba a rubuta lamba sam, sai a ce farashin ranar ne, to nan ma tambaya ta zama tilas. Idan takardar biya ta zo, ku duba ƙasanta, domin a wasu ƙasashe ana ƙara kuɗin hidima, kamar 10%, wato goma cikin kowane ɗari.

Aiki: kifi 9 / 100g, nauyinsa 700g. Nawa za a biya?

Darasi na 4: Sayen tsaraba

Shagunan da ke ƙofar wuraren kallo sun fi tsada, don haka ku shiga cikin gari ku tambayi farashi a wuri biyu ko uku kafin ku saya. Kayan ƙanshi da busasshen kifi da nauyi ake sayar da su, ke nan dokar darasi na 3 tana nan: lamba, abin da ke gefenta, sannan lissafi. Ku karɓi rasit ku adana. Kada ku sayi abin ado da aka yi da ƙoƙon bayan kunkurun teku, domin yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1973 ta hana fataucinsa, kuma jami'an kwastan suna iya ƙwace shi. Murjanin teku ma akwai nau'o'insa da ba a fita da su sai da takardar izini.

Darasi na 5: Haɗa kaya

A yawancin filayen jiragen sama ba a shiga jirgi da kwalbar turare ko mai da ta wuce 100ml, wato mililita ɗari, a jakar hannu. Ku duba gindin kwalbar, ku karanta lambar da haruffan da ke gefenta. Wadda ta wuce haka a sa ta a babbar jaka.

Aiki: ku sake yin aikin darasi na 3, ku kawo shi aji mai zuwa.